Ɗaga kan keke: Sauƙin da ke cikinsa da kuma haɗarinsa

Tun bayan da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da dama sun kakkaɓe kekunan da suka jingine, sun koma hawa.

A ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da ke kudancin jihar Kano, dama keke bai taɓa barin hanya ba. Da shi manomi ke zuwa gona, da shi ake kai buhun masara ko gyaɗa kasuwa, kuma shi ne abin hawan malamai da ɗalibai da yawa.

Sai dai wanda ya yi doguwar tafiya a kan keken da bai dace da tsawonsa ba, yakan sauka da ciwon baya da na wuya, wani lokaci har yatsunsa su yi sanyi kamar ba nasa ba.

Sau da yawa dalilin shi ne kan keken ya yi ƙasa, abin da ke tilasta wa mahayi sunkuyawa. Nauyin jiki sai ya taru a tafin hannu, ya danne jijiyar da ke kaiwa ga ƙaramin yatsa.

A fara da sirdi

Kafin a taɓa kan keke, sirdi ake fara daidaitawa, ta yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan idan feda ta kai ƙasa.

Bayan haka ne ake duba kan. Ga mai tafiyar yau da kullum, ya fi sauƙi kan ya yi daidai da sirdi ko ya ɗan fi shi tsawo.

Yadda ake ɗagawa kuwa ya danganta da irin keken.

A tsofaffin kekuna irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na China, ƙarfen da ke riƙe da kan, wato wuyan keken, yana zurawa ne cikin bututun da ya sauka zuwa tayar gaba.

Akan sassauta notin da ke samansa, a ɗan buga shi da guduma domin guntun ƙarfen da ya cije daga ciki ya saki, sannan a ja wuyan sama, a sake ɗaurewa.

Yawancin kekunan zamani da ake shigo da su na hannu ba haka suke ba. Wuyansu a waje yake damƙe da bututun, don haka sai dai a mayar da zobban da ke samansa zuwa ƙasa, ko a kifa wuyan ya kalli sama, ko kuma a sayi wani.

Layin da ba a ƙetarewa

A jikin wuyan tsohon keke akwai wani layi da masana'anta ke zanawa, wanda tilas ya kasance a ɓoye cikin bututu. Abin da ya rage a ciki bai kamata ya gaza kimanin santimita 6 ba.

Idan layin ya fito fili, wuyan na iya karyewa ko ya fice a lokacin da keke ya faɗa rami, kuma a nan mahayi ba shi da abin kamawa.

Abu na biyu shi ne birki. A keke mai birkin ƙarfe, ɗaga kai yana jan sandunan birkin su ma, don haka dole a kwance su a sake saitawa. A mai birkin waya kuma, sai an tabbatar wayar ba ta ɗaure ba idan aka juya kan hagu da dama.

Sai kuma batun kaya. Duk lokacin da kai ya yi sama, nauyin mahayi baya yake komawa. Idan aka haɗa da buhu a kan kariya, tayar gaba takan yi sakayau, musamman a hawa ko cikin yashi, kuma sarrafa keken ya yi wuya.

Saboda haka ya fi kyau a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, santimita 1 ko 2, ana gwadawa na 'yan kwanaki.

Bayan an ɗaure, mutum ya matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa, ya murɗa kan da ƙarfi. Idan ya motsa, aiki bai kammala ba.

Idan kuwa an kai ga layin amma bayan bai daina ciwo ba, to mai yiwuwa keken ne ya yi wa mai shi kaɗan, kuma babu sufanar da za ta gyara wannan.