Daraktan lakol da ma'aunin kansa: wa ke riƙe da mudu?

Duk ɗan kasuwar da ke safara tsakanin Birnin Ƙwanni da Illela ya san mai kaya ba ya auna wa kansa a ɓoye. To amma a makarantun bokon Nijar, abin da ake nema daga darakta a ƙarshen shekara ya yi kusa da haka: ya faɗi da bakinsa ko ya iya jagoranci.

Da can, sufeto kaɗai darakta ke tsoro. Abin ya fara sauyawa a 2002, lokacin da gwamnati ta soma kafa kwamitocin kula da makarantu, wato COGES, waɗanda daga baya aka mayar da sunansu CGDES. A 2004 hukumar JICA ta ƙasar Japan ta kawo tallafinta a jahar Tawa, inda aka gwada zaɓen wakilan iyaye ta ƙuri'ar asiri, kafin tsarin ya bazu a ƙasa baki ɗaya. A cikin kwamitin akwai wakilan iyaye, da na ƙungiyar uwaye mata, da na malamai, sai shi darakta.

Yadda abin yake, a farkon shekara gari ke taruwa a tsara aiki: rumfunan kara nawa za a kafa, tebur nawa za a gyara, kowane gida jika nawa zai bayar. Da ƙarshen shekara a sake taruwa a karanta abin da aka yi da wanda ya gagara. Nan ne darakta ke auna kansa.

Mun lura da inda gizo ke saƙar. A ƙauyuka da dama darakta ne ke da Faransanci da alƙalami. Shi ya rubuta tsarin, shi ya rubuta rahoton taro, shi zai karanta sakamako. Idan ya ce ya yi ƙoƙari, yakan ƙidaya abin da ido ke gani: rumfa, allo, takardun da ya aika wa sufeto a kan lokaci. Ba kasafai yake ƙidaya kwanakin da malami ɗan kwantaragi ya tafi karɓar albashi aji ya zauna fayau ba, ko yaran da ke ɓacewa ranar kasuwa saboda talla. Ba lallai ha'inci ba ne; shi ma sau da yawa yana riƙe da aji, ga aikin ofis, kuma ba shi ke ɗaukar malamai ba.

Ku ƴan kasuwa, kuɗinku na cikin wannan asusu, kuma lissafi sana'arku ce. Ranar taro, ku nemi a karanta tsarin farkon shekara da Hausa, layi bayan layi, kafin darakta ya karanta nasa rahoton. Ku tambayi ranar da aka fara karatu a rumfunan kara, tunda galibi sai an gama girbin hatsi ake samun karan, alhali an buɗe makarantu tun watan Oktoba.