Rinin Da Ke Tona Asirin Cuta Mai Cin Nama

Akwai wata cuta da likitocin tiyata ke tsoro ƙwarai, wadda ake kira mai cin nama. Ƙwayoyin cuta ne, sau da yawa irin Sitireptokokas, ke shiga ta ɗan rauni, su bi tantanin da ya lulluɓe tsoka suna ruɓar da shi cikin sa'o'i. Wahalar ita ce, da farko tana kama da kumburin fata na yau da kullum: wurin ya yi ja, ga zafi, ga zazzaɓi. Shi kumburin magani yake buƙata, ita kuwa sai an yanke mataccen naman da gaggawa. In likita ya jira, majiyyaci na iya rasa ƙafa ko rai. In ya yi garaje, sai ya yanka wanda bai kamata ba.

Wannan ya sa masu bincike a Datmos ta ƙasar Amurka suka koma ga wani tsohon rini mai suna indosayanin girin, wanda aka amince da shi a can tun 1959. Ana zuba shi cikin jijiya ta allura, jini ya yawata da shi, kafin hanta ta kwashe shi cikin 'yan mintoci. Idan aka haska fata da wani haske da ido ba ya gani, mai zangon kusan nanomita 800, sai rinin ya yi ƙyalli, kyamara ta musamman ta ɗauka.

To ina hikimar? A kumburin yau da kullum jini ƙaruwa yake yi a wurin, don haka hoton ya fito da haske sosai. Amma mai cin nama tana sa jini ya daskare cikin ƙananan jijiyoyi, hanya ta toshe, rinin ya kasa isa. Ke nan duhun da ke tsakiyar hoton shi ne alamar haɗari.

Amfanin gwaji a kan ɓeraye shi ne, mai bincike ya san sa'ar da ya sa ƙwayar cutar, yana ɗaukar hoto lokaci bayan lokaci, daga baya ya duba naman a madubin likita ko duhun ya dace da toshewar. Majiyyaci kuwa sai abu ya yi nisa yake zuwa asibiti.

Sai dai a ganina kada mu yi saurin murna. Fatar ɓera siririya ce, hasken kuma da ƙyar yake wuce santimita 1 cikin jiki, alhali cinyar mutum na da kitse mai kauri. Sannan mai ciwon sukari, wanda cutar kan yawan kamawa, dama jijiyoyin ƙafarsa na iya zama a cushe, su ma su ba da duhu.