Daɓen Makewayi Da Madafi

Ba inda ruwa ya fi zuba a cikin gida kamar makewayi da madafi. Saboda haka mai gida mai hankali yakan yi tunani kafin ya zaɓi abin da za a daɓe su da shi.

Tun zamanin kakanni mata ke yin daɓe. Sukan baza tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, sa'an nan su yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta yi tauri. Wannan daɓe ya dace da ɗakin kwana, amma yawan ruwa yana cinye shi. Siminti ya fi shi jure ruwa, ga sauƙin wankewa. Akwai kuma tayil. Mai sheƙi yana da ban sha'awa, amma kyan ɗan maciji gare shi. In ya jiƙe, santsinsa yakan ka da tsoho da yaro. Don haka a bango ake manna shi, mai kaushi kuwa a ƙasa.

Kowanne aka zaɓa, wajibi ne magini ya karkata daɓen wajen rariya. Dalili kuwa, a cikin kwantaccen ruwa sauro ke yin ƙwai, shi kuwa sauro ke kawo zazzaɓi. Madafi kuma yana bukatar taga, kada hayaki ya cuci ido da ƙirji. Salgar makewayi a yi mata murfi saboda ƙuda, a nisanta ta da rijiya kamar mita 30.

Gidan da aka kiyaye waɗannan, ba safai cuta ke shigarsa ba. Rigakafi ya fi magani.