Ƙibar Yara da Abincin Zamani: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

A wani taron suna a unguwarmu, na ga wata gwaggo ta yi yunƙurin ɗaga ɗan ƙanenta mai shekara huɗu, ta kasa, ta dire shi tana haki tana murna. "Tubarkalla! Hajiya, wannan yaro naki ya ji gida," in ji ta. Yaron na rungume da robar lemo da ya kusa shanyewa. A gefe kuma wata uwa ta jawo 'yarta siririya ta ɓoye ta a jikinta, sai ka ce ta yi laifi. Abin ya tsaya mini a rai, domin maganganun da muke yi a irin wannan zama su ne ke yanke abin da za a zuba wa yaro gobe. Ga wasu daga cikinsu, da matsayin kowace.

"Yaro mai ƙiba shi ne mai lafiya." Ba haka ba ne, amma ba a banza iyayenmu suka riƙe maganar ba. Sun ga yadda tamowa ke cinye yara, kuma har yanzu ba ta tafi ba: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Jaririn da ya yi ɓul-ɓul da nonon uwa zalla, wannan ba abin damuwa ba ne. Sai dai kumatu ba ma'auni ba ne. Akwai ma tamowar da ke zuwa da kumburi, a ɗauka yaro ya yi jiki. Danna bayan ƙafarsa da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan gurbi ya zauna a ƙafafu biyu, a nufi asibiti a ranar. Alƙalin wannan magana shi ne katin awo, wanda ke haɗa nauyi da tsawo da shekaru.

"Ƙibar yara ciwon 'ya'yan Turawa ne." Da can an yi wannan zaton. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 fiye da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce ƙima, miliyan 160 daga cikinsu ƙibar ta kai matakin cuta. A 1990 kashi 8 ne cikin 100 ke da nauyin da ya wuce ƙima. A 2022 sun kai kashi 20. Mu kuma kaya biyu muke ɗauke da su. A gida ɗaya sai ka tarar da yaron da ya tsumbure da wanda ya yi teɓa, kuma mai teɓar ma yana iya fama da ƙarancin jini, domin cika ciki dabam, gina jiki dabam.

"Idan ya girma zai zube." Wani kan zube, amma kada a dogara da haka. Nazarin da ya tattara bincike da dama a 2016 ya gano cewa fiye da rabin yara masu ƙiba kan shiga samartaka da ita, kuma kusan 8 cikin 10 na matasa masu ƙiba kan girma da ita. Tare da ita ciwon suga da hawan jini da kitse a hanta ke sallama tun da ƙuruciya.

"Taliyar leda tana da kakin da ba ya narkewa, kajin gona kuma allurar girma ake yi musu." Duka biyun jita-jita ce. Ba a shafa wa taliya kaki. Abin da ke tasowa saman ruwa mai ne, domin soya ta ake yi kafin a ƙulle ta. A 2023, da aka samu wani sinadari a wata taliya a Taiwan da Malesiya, hukumar NAFDAC ta gwada waɗanda ake yi a Najeriya ta ce ba ta same shi ba. Kajin gona kuwa, zaɓen iri da abinci ne ke sa su isa yanka cikin sati shida zuwa takwas. Abin tsoron na gaskiya ba ya cikin saƙonnin WhatsApp. Taliyar nan fulawa ce da mai da gishiri mai yawa. Idan ta zama karin kumallo da abincin dare, ba ganye ba ƙwai ba wake, to a nan cutar take. A 2019 wani mai bincike a Amurka, Kevin Hall, ya ajiye manya 20, ya ba su abincin masana'anta sati biyu, abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya sati biyu, kowa ya ci iya son ransa. A sati biyun abincin masana'anta sun riƙa ƙara kusan kalori 500 a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Irin wannan abinci yana wucewa da sauri kafin ciki ya sanar da ƙoshi.

"Lemo ai ruwa ne, jus na kwali kuma 'ya'yan itace ne." Wannan ce ta fi yi mana ɓarna. Robar lemo mai rabin lita kan ɗauki sukari kusan giram 50, wato ƙaramin cokali 12. Babu uwar da za ta zuba wa ɗanta haka a kofin shayi, amma a roba ba a ganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, ya fi kyau ma a tsaya wajen cokali 6. Jus na kwali da lemon malt da yogot mai zaƙi duk layi ɗaya suke. Shi ya sa Meziko ta sa wa irin waɗannan abubuwan sha haraji a 2014, Birtaniya da Afirka ta Kudu a 2018, Najeriya kuma ta sa naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021.

"Abincin gida ba ya sa ƙiba, shawarma da fiza ne kawai." Rabinta gaskiya ce. Dambu da zogale, ɗanwake, faten wake, kwaɗon rama, tuwo da miyar kuka, duk suna riƙe ciki suna gina jiki. Amma duba abin da kuɗin tara ke saya a ƙofar makaranta: fanke, cincin, awarar da ta sha mai, alawa, da zoɓon da aka cika wa sukari. Jiki ba ya tambayar inda aka soya abu.

"Gado ne, ba yadda za a yi." Gado na da hannu, amma tukunya ma gadonta ake yi, haka zaman gaban talabijin da waya. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 na guje-guje kullum, abin da langa da 'yar gala-gala da ƙwallon layi ke bayarwa kyauta.

Akwai kuma wadda ba ta da rabin gaskiya ko kaɗan: ba wa yaro ƙwayar "sha ka fashe" don ya yi jiki. Irin su dexamethasone kumbura fuska suke yi, su raunana garkuwar jiki, su hana tsawo, su tayar da suga. Kada a ba yaro sai da umarnin likita.

Gyara ba ya buƙatar horon yunwa ko gori. Yaron da ake kira "tulu" a gida ɓoyewa zai riƙa yi ya ci. Gidan ne gaba ɗaya zai canza: ruwa a madadin lemo, gwaiba ko mangwaro ko dafaffen ƙwai a jakar makaranta, cin abinci tare ba waya a hannu, barci da wuri. Ba yaro ne ke cefane ba, mu ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ranar da gwaggo za ta yaba wa yaro don ya tsere mata da gudu, ranar muka fara gane lafiya.