Yadda littattafan yara masu hotuna ke koyar da zumunci da yarda da kai

Yaron da sa'o'insa ke tsokana saboda launin fatarsa ko in'inarsa yakan taso yana jin kunyar halittarsa. Wannan matsalar ce wasu littattafan yara masu hotuna ke ƙoƙarin magancewa.

Daga cikin fitattunsu akwai Elmer, na marubucin Birtaniya David McKee, wanda aka fara bugawa a 1968. Labarin wani toron giwa ne mai launuka barkatai a garken giwaye masu launin toka. Ya shafe jikinsa domin ya saje da su, sai raha ta ɗauke a garken. Da ruwan sama ya wanke shi, abokansa suka yi murna, har suka keɓe ranar bikinsa duk shekara.

A 2019 kuma, jarumar fina-finan nan 'yar Kenya, Lupita Nyong'o, ta wallafa Sulwe, labarin yarinyar da ta fi kowa duhun fata a gidansu. Saƙon ya shafi Nijeriya, inda wasu iyaye ke shafa wa 'ya'yansu man bilicin.

Amfanin hoto shi ne, yaron da bai iya karatu ba yana gane baƙin ciki da murna a fuska. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.