Kyanwa da Ciwon Amai: Yadda Ake Kula da Ita

Gabatarwa

Kyanwa, wadda a wasu wurare ake ce wa mage ko mussa, dabba ce da ake ajiyewa a gida don ta kori ɓeraye daga ɗaki da rumbu. Mutane da yawa suna ɗaukar amai a matsayin halinta, domin sun saba ganin ta ci ciyawa ta harar. Amma amai ba cuta ba ne shi kansa, alama ce ta abin da ke damun jiki. Wanda ya zo sau ɗaya ya wuce, kyanwa kuma ta koma ga abincinta da wasanta, ba abin tashin hankali ba ne. Wanda yake dawowa kowane mako, ko ya jima har ya kai mako 3, shi ne ake kira amai mai naci, kuma yana bukatar bincike.

Abubuwan da ke kawo shi

Na farko shi ne gashi. Harshen kyanwa yana da kaushi, don haka idan tana lasar jikinta takan haɗiye gashi, ya dunƙule a ciki, ta fitar da shi. Na biyu shi ne abinci: cinsa da gaggawa, ko cin wanda ya lalace, ko sauya shi farat ɗaya. Madara ma tana cikin wannan rukuni, domin yawancin kyanwoyi da zarar an yaye su ba sa iya narkar da sukarin da ke cikinta, sai ta kawo musu kumburin ciki da zawo.

Na uku shi ne tsutsar ciki. Kyanwar da ke farautar ɓeraye, ko wadda ƙuma ta kama, ta fi saurin samun ta. Na huɗu shi ne haɗiye abin da ba ya narkewa, kamar zare ko leda ko ƙashi. Zare ya fi haɗari, domin yana iya tattare hanji har ya yanka shi. Idan an ga bakinsa a ƙarƙashin harshe ko a dubura, kada a ja shi. A ƙarshe akwai cututtukan da ke ɓoye, irin su ciwon ƙoda a tsohuwar kyanwa, da ciwon hanta, da kumburin hanji.

Kulawa a gida

Idan kyanwa ta yi amai amma tana da kuzari, sai a ɗauke mata abinci na ƴan sa'o'i, a bar mata ruwa mai tsabta. Bayan haka a ba ta dafaffen naman kaza ko kifi, ba ƙashi, ba gishiri, ba mai, ba yaji. A ba ta kaɗan-kaɗan, sau 4 ko 5 a rana, sannan a mayar da ita ga abincinta na kullum a hankali cikin ƴan kwanaki.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Wasu sukan hana ta abinci kwana da kwanaki wai don ciki ya huta. Jikin kyanwa ba ya jure wannan. Idan ta daɗe ba ta ci ba, kitse yakan taru a hantarta ya hana ta aiki, musamman idan mai ƙiba ce. Saboda haka kyanwar da ta kwana ta yini ba ta ci ba, lokacin ganin likita ya yi.

Ruwa ma abin lura ne, balle a lokacin zafi. Kyanwa tana bukatar kimanin mililita 50 a kowane kilo na nauyinta a rana, har da wanda ke cikin abinci. Ana gane ƙarancinsa idan an ɗaga fatar bayan wuyanta aka saki ba ta koma nan da nan ba, ko dasashinta ya bushe.

Abin da ba a ba ta

Kada a ba kyanwa maganin mutane. Parasitamol guba ne a gare ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, kuma ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, don haka ragowar miya ba abincinta ba ne. Haka kuma a ɓoye maganin ɓera da na ƙwari inda ba za ta kai ba.

Lokacin zuwa wurin likitan dabbobi

A gaggauta kai ta idan akwai jini a cikin aman, ko tana amai a kai a kai har ruwa ba ya zama, ko cikinta ya kumbura tana kuka in an taɓa shi, ko idanunta da dasashinta sun yi ruwan ɗorawa, ko tana ramewa. Ɗan kyanwa kuwa ba a jira da shi ko kaɗan, domin ruwan jikinsa yana saurin ƙarewa. Yana da amfani mai kyanwa ya riƙe bayanin ranar da aman ya fara, da launinsa, da abin da ta ci, domin da shi likita zai san inda zai fara bincike.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Maganin tsutsa bisa shawarar likita, da allurar rigakafi, da taje gashi, da abinci mai kyau a kan lokaci suna rage yawan wannan matsala. Sauran kuwa yana ga idon mai ita, domin kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo, sai mai lura ne yake gane shi tun da wuri.