Kuloci Ba Ya Mutuwar Fuju'a: Duba Shi Kafin Ka Hau Hanyar Birnin Gwari

Idan ka taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, ka san da zarar an wuce Buruku babu direban da ke son motarsa ta yi ko tari. Daji ne hagu da dama, ga ramuka, ga tarihin 'yan bindiga. Ko bayan sulhun ƙarshen 2024 da ya sa zirga-zirga ta farfaɗo, ba mai son kwana a gefen dajin Kamuku yana jiran bakanike. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke tsayar da tsohuwar mota a irin wannan hanya shi ne kuloci. Sai dai shi ba ya mutuwa sai ya yi sallama.

Bari mu ɗauki Peugeot 504, wato Fijo, a matsayin misali. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya daɗe yana haɗa ta. Har gobe za ka ga a-kori-kurarta ɗauke da buhunan masara.

Mene ne aikin kuloci?

Inji ba ya daina juyawa muddin yana kunne, ko a tsaye yana yin wajen zagaye 800 a minti. Taya kuwa dole wani lokaci ta tsaya. Kuloci ne ke haɗa su, shi ne kuma ke raba su. A bayan inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, fulawil. A jikinsa akwai faifan kuloci mai fata gaba da baya, wanda ke haɗe da sandar giyabos. Sai murfi mai sifirin da ke danne faifan a jikin fulawil. Idan ka taka kuloci, wani boris zai tura sifirin ɗin, murfin ya saki, inji ya rabu da giya.

To, ina matsalar take? Ka tuna yadda kake murza tafin hannunka da sanyin hunturu su yi ɗumi. Gogayya ce ke haifar da zafi. Duk lokacin da ka riƙe rabin kuloci, faifan da fulawil suna gudu daban-daban suna gogar juna, ƙarfin da ya kamata ya je taya sai ya koma zafi. Ka ga ke nan mota mai lodi da ke rarrafe daga wannan rami zuwa wancan, ko take fafutukar fita daga taɓo da damina, fatar kulocinta take ci.

Alamomin da yake bayarwa

Na farko, zamewa. Kana giya ta huɗu a hawa, ka taka totur, inji ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba, wani lokaci har da ƙauri. Gwada a gida: a fili inda ba kowa a gabanka, ja birkin hannu, sa giya ta uku, ka saki kuloci a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take. In injin ya ci gaba da aiki, fata ta ƙare ko mai ya jiƙa ta. Kada ka maimaita gwajin, shi ma cin fata ne.

Na biyu, giya ta ƙi shiga ko ta riƙa gurnani, musamman ta baya. A 504 mai ne ke tura kuloci, irin man birki. Duba kofinsa da wuraren yoyo tukuna, don sau da yawa iska ce ta shiga ko roba ta mutu, ba sai an sauke giyabos ba.

Na uku, ƙara da ke tashi idan ka taka, ta ɓace idan ka saki. Wannan boris ne. Na huɗu, mota ta riƙa karkarwa wajen tashi, alamar mai a kan fata ko fulawil ya lalace.

Idan an sauke giyabos

Tsaya a wurin ka gani da idonka. In fata ta sauka har kan ƙusoshin da ke riƙe ta, ta gama aiki. Shuɗin tabo ko ƙananan tsaga a fuskar fulawil shaidar zafi ce, sai an goge shi a injin ko a canza. In ka ga danshin mai, a canza robar da ke tare mai a bayan inji, in ba haka ba sabon faifan ma zai jiƙe.

Ga inda mutane ke yin araha mai tsada: a canza faifai kaɗai a bar tsohon murfi da boris. Ai wahalar da kuɗin aikin duk a sauke giyabos suke. Canza ukun tare. Wajen mayarwa, faifan yana da gaba da baya, kuma sai an saita shi a tsakiya da tsohuwar sandar giya, sannan a ɗaure kusoshin murfin kaɗan-kaɗan, wannan da na daura da shi.

Wani abu kuma da ya shafi lafiyar bakanikenka da yaransa: tsofaffin fatun kuloci da yawa na ɗauke da ma'adinin asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo kansar huhu bayan shekaru. Kada a hure ƙurar da baki ko da iska, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Daga nan sauran na ƙafarka ne. Ɗauke ta daga kan kuloci da zarar ka sa giya, riƙe mota a hawa da birki, rage lodi. In kuma ka ji ɗaya daga cikin alamomin nan, gyara a Kaduna ko a cikin garin Birnin Gwari, inda akwai kaya da masu aiki, tun kafin ka shiga daji.